Hotunan da na ɗauko a kufan Sawakin

Sana'ata sayar da siminti da rodi da kwanon rufi, a nan Kano. Ɗaukar hoto kuwa ƙwalama ce ta same ni da girma. Kyamarar ma ta hannu ce, Nikon D3100, na saye ta wajen wani mai hoton biki da ya samu wadda ta fi ta, kuma har yau gilashin da ta zo da shi nake fama da shi, ɗan 18-55 ɗin nan da ƙwararru ke rainawa. Ba na ɗaukar mutane, don nauyi nake ji in saita wa mutum kyamara a fuska. Tsofaffin gine-gine nake bi. Ranar Juma'a da safe in ban buɗe shago ba sai in shiga cikin gari, in ɗauki zanko, in ɗauki zaure, in ɗauki abin da ya rage na ganuwa. Maiɗakina cewa take abin dariya ne, wai mai sayar wa mutane abin da za su rushe gidan ƙasa su yi na bulo, shi ne kuma ke yawo yana ɗaukar hoton gidan ƙasar yana tsaki. Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.

Sunan Sawakin a bakin Gwaggo na fara jin sa, yayar mahaifinmu. In aka kawo mata ruwan rijiya mai zartsi sai ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wannan ai ruwan Sawakin ne." Muna yara mun ɗauka wata irin kanwa ce ake kira haka. Sai da na yi wayo na gane gari ne a bakin Bahar Maliya, a ƙasar Sudan, kuma ta sha ruwansa da bakinta. Kakanmu hajjin ƙasa ya yi. Ya bar Kano a tsakiyar shekarun 1940 da matarsa, Gwaggo tana goye. Suka bi ta Maiduguri, suka shiga Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, suka wuce Abeche, suka ratsa Darfur, wani wuri a ƙafa, wani wuri a kan jaki, wani wuri a saman kaya a babbar mota. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago. A gonakin audugar Jazira kaɗai sun yi shekaru. Kafin su kai bakin teku, yarinyar da aka ɗauko a goye ta isa aike, har ta fi iyayenta jin Larabci. Daga Sawakin suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

A watan Disamba na 2019 na je Khartum duba ƙanena da ke karatu a can. Na ce masa kwana uku daga cikin goman da na ware na Sawakin ne. Ya ce, "Yaya, me ke can? Duwatsu ne fa kawai da maguna." Na ce su nake son gani. Muka shiga bas da asuba, muka bi ta Atbara da Haya da Sinkat, daga nan hanya ta fara gangara ta tsakanin duwatsu har kunnuwa suka toshe. Mun wuce Sawakin ɗin a cikin duhu, muka je muka kwana a Port Sudan, kimanin kilomita 60 a arewa. Gajiya ta sa muka makara, muka tsaya cin ful da burodi, sai sha ɗaya da rabi muka iso.

Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, kusan zagayayye kamar faifai, a can ƙuryar wani siririn mashigin ruwa da ya kutso daga teku. Mai tafiya a hankali zai zagaye shi cikin rabin awa. Wata gajeriyar hanya da aka cike ruwa aka yi tun zamanin Gordon, Baturen Ingila da ya yi gwamnan Sudan, ita ta haɗa shi da tudu, inda gari mai rai yake da kasuwarsa da amalanken jakunansa. Ni da na ƙoshi da tsofaffin hotunan wurin a intanet, benaye hawa uku farare tas suna kallon ruwa, na biya kuɗin shiga na wuce da kyamara a saite. Abin da na tarar ya fi kama da filin da tifa ɗari suka juye dutse suka tafi. Tsibi nan, tsibi can. A tsakaninsu, nan bango ɗaya a tsaye, can bakan ƙofa ba ƙofar, can kusurwar bene da ta ƙi faɗuwa. Gida in ya mutu kango muke cewa, gari in ya mutu kufai. Na saba da kango. Ranar na fara tsayawa a tsakiyar kufai.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba yaƙi ne ya ci garin ba. Yaƙi ya zo ya gaji ya tafi. Ibn Battuta ya sauka nan tun ƙarni na 14. Daular Usmaniyya, ta Istanbul ba tamu ta Sakkwato ba, ta karɓe shi a 1517, ta miƙa wa Masar a 1865, sai ga mashigin Suwez an buɗe a 1869, kasuwa ta ƙara haɓaka. Ƙaro da hauren giwa da gashin jimina ta nan suke fita, da bayi, kada a ɓoye. A shekarun 1880 Usman Digna, sarkin yaƙin Mahadin Sudan na gabas, ya yi shekara da shekaru yana gwabzawa da Turawan Ingila da Misirawa a kewayen garin, bai shiga ba. Ƙofar da Kitchener, Baturen da ke gwamnan garin a lokacin, ya gina a 1886 tana nan a tudu. Abin da mashi da bindiga suka kasa, girman jirgi ne ya yi shi. Mashigin ruwan siriri ne, ga duwatsun murjani ta ko'ina a cikin ruwan, manyan jiragen tururi ba sa sakewa a ciki. Sai Turawa suka fara gina sabuwar tasha a 1905, suka buɗe ta a 1909, ita ce Port Sudan. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, attajirai suka bi kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗan kasuwa ya san wannan ciwon. An taɓa karkatar da hanya daga gaban shagona wata takwas saboda aikin gada, na ga yadda layi ke mutuwa da ido buɗe.

Wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san rana tsaka lokacin neman inuwa ne. Farin dutse, farar ƙasa, farin sama, ga ruwa na mayar da haske kamar madubi. Na ɗauki sama da ɗari biyu ranar, da na duba da dare kusan duk sun koɗe kamar zanen da aka manta a shanya, inda inuwa take kuma baƙi ƙirin. Iskar teku mai danshi da gishiri tana ta manne wa gilashi, ina gogewa da bakin riga, abin da aka ce kada a yi. Ga shi da silifas na zo, kamar mai zuwa masallacin unguwa. Kafin azahar dutse ya yanke ni a babban yatsa.

Masallatai biyu ne a tsibirin, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, mu 'yan Malikiyya ba a yi da mu ba. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara su tare da ginin kwastan, kuma a Disamban 2017 Erdogan ya zo da kansa, shi da Umar al-Bashir, aka yi maganar ba Turkiyya tsibirin ta ci gaba da gyara. Da na hango su sai na yi tsaki. Fari ƙal, santsi, kamar jiya aka gama, a tsakiyar kufai sun yi kama da haƙorin Makka a bakin tsoho. Mai hoto tsufa yake so. Amma da rana ta gasa ni, yatsa na jini, a nan na samu inuwa da tabarma, na yi azahar, na miƙe ƙafa. Sai na ji kunyar tsakin.

A inuwar bangon ne na ɗauki wani guntun dutse ina juyawa don rashin abin yi. Bai kai nauyin da ido ya ba shi ba. Da na kawo shi kusa sai na ga duk jikinsa ƙananan ramuka ne reras kamar saƙar zuma, kowane rami da 'yan layuka da suka taso daga tsakiya kamar tauraro. Wani guntun kuma zanensa murɗe-murɗe ne, sak ƙwaƙwalwar rago a teburin mahauci. Mu in an ce murjani, jan nan na wuyan amare muka sani. Wannan ɗan'uwansa ne fari, gidan wasu ƙananan halittun ruwa da suka gina suka mutu suka bari, mutane suka faso daga teku suka sassaƙa kamar bulo suka yi nasu gidan. Na matsa har iyakar inda gilashina ya yarda ya gani, taƙi ɗaya da ɗoriya, na danna. Shi ne hoto ɗaya tak na kirki da na samu a ranar farko.

Daga nan idon mai kayan gini ya karɓe aikin. Na bi wani bango da ya tsage na leƙa cikinsa. Jera dutsen ake yi, bayan 'yan sahu a shimfiɗa katako a kwance ya ɗaure ginin, sannan a yaɓe da farar ƙasa, wadda ita ma murjanin ake ƙonawa a samu. Yaɓen nan shi ne ran gidan, don dutsen shan ruwa gare shi kamar soso. Muddin ana sabunta yaɓe, gida zai ga jikoki. Ranar da aka daina, danshi ya shiga, gishiri ya bi shi, katakon ya ruɓe, sai bango ya dare gida biyu. Ruwan sama a wannan gaɓar da hunturu yake zuwa, ba shi da yawa, amma ya isa. To ina bambancinsa da gidan kakanmu na cikin gari? Mu ma kafin damina ake kiran magina a yi yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo. Shekara uku aka yi ana gardamar gado a kan soron gidanmu, ba wanda ya yarda ya sa kuɗinsa, a damina ta huɗu soron ya zauna. Na kuma ga inda wani ya liƙa siminti a jikin wani bango da niyyar taimako. Simintin na nan daram, dutsen da ke bayansa ya zama gari, don siminti ba ya barin danshin da ya shiga ya samu hanyar fita. Na ɗauki hoton wannan facin da kyau, ban kuma nuna wa maiɗakina ba.

Abin da na fi ƙwallafa rai a kai tun daga gida shi ne rawashin, tagogin katakon nan masu turowa waje daga jikin bene, irin waɗanda alhazai ke gani a tsohuwar unguwar Balad a Jidda. Mace na ciki tana shan iska tana kallon titi, ba mai ganin ta. Na zagaye tsibirin ban samu cikakkiya ko ɗaya a tsohon gini ba. Abin da ya rage 'yan kawunan katako ne da suka leƙo daga bango, waɗanda a da suke ɗauke da tagar, sun yi furfura sun tsattsage. Mai son ganin yadda suke sai ya nemi zanen Jean-Pierre Greenlaw, malamin zane da ya koyar a Khartum, wanda ya yi ta zuwa a shekarun 1940 da farkon 1950 yana auna gidajen yana zana su ɗaki-ɗaki, littafinsa ya fito a 1976. Shi ya riske su a tsaye. Da na lissafa sai na ga a daidai shekarun da yake zaune yana zane ne Gwaggo ta iso garin.

Daren nan a Sawakin muka kwana, a wani masauki mai gadajen igiya a tsakar gida. Na sayi kambas, muka shirya da mai gadin ƙofa, muna idar da asuba muka tsallaka. A can rana daga teku take fitowa. Hasken farko a kwance yake zuwa, yana shafar bango daga gefe, sai kowane rami da kowane tsagi ya fito da inuwarsa. Dutsen da jiya yake fari fat ya koma ruwan zuma. Na sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, na tsuke ƙofar haske zuwa f/8, na rage hasken da mataki ɗaya daga abin da kyamara ta zaɓa, don na lura in ta ga inuwa a gabanta sai ta ware ido da yawa ta ƙone farin. Ba ni da ƙafar kyamara, sai in ɗora ta a kan dutse in tokare da hula.

A nan na samu wanda na fi so. Wani gida ne ya rushe saura bango guda, hawa biyu da rabi. Daɓen bene ya tafi, rufi ya tafi, amma can sama, inda ɗakunan matan gida suke a da, akwai alkuki uku a jere, kowanne da ɗan bakansa mai tsini, da sauran zanen da aka ƙwarzana a yaɓen. A ƙasansu matakala ta hau taki bakwai ta tsaya a iska. Wata ta sha miƙa hannu ko dubawa ba ta yi ta ajiye fitila ko tandun kwalli a cikin alkukin nan. Yanzu sai mai dogon tsani ko mai fiffike, na tsakiyar ma tantabara ce ta yi sheƙa a ciki. Na jira har rana ta kai bakin na farko, biyun suna cikin inuwa, na danna. Minti biyar bayan nan haske ya cika bangon duka, abin ya wuce.

Akwai matsalar da duk mai ɗaukar gini ya sani. In ka tsaya a gindin bene ka ɗaga kyamara sama, sai ginin ya fito kamar zai faɗi ta baya. Maganinta ka ja da baya, ka riƙe kyamara a miƙe, ka zuƙo. To a Sawakin an samu ƙari, domin bangayen da gaske a karkace suke. Bayan na dawo gida na ɓata dare guda a kwamfuta ina miƙar da wani bango na tsohon bankin Masar, ina zaton hannuna ne ya karkace. Da bangon ya miƙe sai na ga ruwan da ke bayansa ya tashi yana gangara hagu kamar zai zube. Na mayar da shi yadda Allah ya nuna mini shi.

Ga kuma abin da ban faɗa wa waɗanda suka yi ta yaba hotunan a Facebook ba. Tsibirin ba shiru yake kamar yadda na nuna shi ba. Akwai awaki na hawa tsibin dutse, akwai leda da robar ruwa da iska ta tara a kowace kusurwa, akwai masunta a gefe, akwai 'yan makaranta da aka kawo suna ihu suna ɗaukar kansu a waya. In ka ɗaga kai kuma ga tashar da aka sa wa sunan Usman Digna, inda jiragen fasinja da na tumaki ke tashi zuwa Jidda. Ni kuwa duk na bi na kore. In tsuguna don tsibin dutse ya rufe jirgi, in sa ƙanena ya kwashe leda, in jira akuya ta wuce. Har wani yaro da ya biyo mu yana son a ɗauke shi na yi wa alama da hannu ya matsa. Ya matsa, ya tsaya gefe yana kallona. Kufan da na zo da shi a kaina nake nema, kuma shi na kai gida. Sau ɗaya da na juya gilashi wajen tashar sai na ji "Mamnu'!", wato an hana, daga baya. Wani mai kaki ne. Ya karɓi kyamara ya yi ta latsawa, dutse, dutse, bango, dutse, ya sa na goge uku da jirgi ya fito a ciki, ya ce da ƙanena wani abu da Larabci. Sai a hanya ya fassara mini, wai tambaya ya yi ko lafiyata ƙalau.

Maguna kam ƙanena bai yi ƙarya ba. Manya-manya, ba sa gudun mutum, su hau bango su kafe ka da ido. Mutanen garin na cewa ba duka ne maguna ba. Labarin da kowa zai ba ka shi ne nan Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljanu, wai sunan garin ma daga sijin ya fito, wato kurkuku. Su kuwa Beja, masu ƙasar, Osuk suke ce masa, wato kasuwa, kuma ni ɗan kasuwa wannan ya fi shiga kaina. Amma fa da magariba ta kawo jiki, wata baƙar mage ta fito daga wani kango ta tsaya a gabanmu, ba wanda ya ce da wani mu tafi, gani kawai muka yi muna sauri kowa na motsa baki.

Bayan isha muka bi ƙamshi a kasuwa har teburin wani mai agashe. Agashe tsiren Sudan ne, nama falle-falle da ƙuli da yaji, ko daga sunan ka san daga gidan wa ya fito. Na ce da ƙanena, "Tambaye shi nawa-nawa ne." Tsohon bai ɗago ba, yana juya nama, ya ce, "A fara da sallama tukuna, samari."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da wata tsohuwar Hausa mai daɗi wadda Larabci ya ratsa ta ko'ina. Kakansa daga ƙasar Haɗeja ya taso da niyyar hajji, a Sudan aka haifi ubansa, aka haife shi, bai taɓa ganin Najeriya ba. Irinsu suna da yawa, daga Mai Wurno a bakin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, har Gadarif da Kasala da Port Sudan. Na ba shi labarin Gwaggo, na kunna kyamara ina nuna masa, ina cewa wataƙila a ɗaya daga cikin gidajen nan su kakanmu suka sauka. Ya goge hannu, ya duba biyu-uku, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, wa zai ba Takari ɗaki a tsibiri? Waɗannan gidajen tujjar ne, manyan attajirai. Namu a waje suke, wajen karantina. A tsare ka, a yi maka lamba, a duba takardarka, ka jira babur."

"Babur kuma, Baba?"

"Jirgin ruwa, ya'ani. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin jirgi kuwa ya bi dare ya shiga sambuk, ƙaramin jirgin katako, ya ba Allah amanar ransa. Wasu sun isa."

Na ce, "To Baba, ina inda suka zauna? Shi nake so in ɗauka."

Ya ce, "Tabarma da buhu suna barin kango ne?"

Washegari kafin mu kama mota ya haɗa mu da jikansa, ya kai mu bayan gari ya nuna wani wuri da hannu, inda tsohon ya ce namu kan kafa bukkoki. Fili ne kawai. Ƙasa mai gishiri da ta yi ɓawo tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, 'yan ƙayoyi, gwangwanaye masu tsatsa, daga nesa ga ruwa, bayan ruwan ga tsibirin da hasumiyoyinsa. Na rasa abin da zan saita. Na ɗauki huɗu don kada yaron ya ga ya wahala a banza, wata akuya ma ta shigo cikin na ƙarshe, ban kore ta ba don na gaji.

Mun yi ta shirin komawa da kyamara mai kyau. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro ƙanena gida da jaka ɗaya, maganar ta tsaya nan.

Amma tun a makon da na dawo na zaɓi talatin mafiya kyau na kai wa Gwaggo ɗakinta bayan la'asar. Ta sa tabarau. Alkuki, ta ce uhm. Masallaci, ta ce masha Allah. Ƙofar Kitchener, ta ce wuce. Ba ta gane ko ɗaya ba, ba ta kuma yi mini kara ta ce ta gane ba.

"Kai ɗan nan, mu ai ba mu shiga nan ba. Daga nesa muke hango su, farare, an jera kamar sukari mai iyali. Inna ta ce gidajen aljanu ne, kada in kuskura in nuna da yatsa."

Jikina ya yi sanyi, na shiga latsa sauran da ban tace ba don kawai kada in tashi haka. Sai ga filin nan da akuyar. Ta ce, "Tsaya." Ta matso har hancinta ya kusa taɓa kwamfutar. Ta daɗe. Ta ɗora yatsa a kan ɓawon ƙasar ta ce haka take, in ka taka sai ta fashe, mai faso kuwa ya sha raɗaɗi. Ta ce a salka ake kawo musu ruwa a kan jaki a sayar, ga zartsi. Ta ce layi aka jera su, wani mai farar riga ya ƙwarzane mata dantse, ta yi kuka, kakanmu ya saya mata dabino. Sai ta janye mayafi ta naɗe hannun riga. Tabon na nan a dantsen hagu, zagayayye, girman sisi, ya lotsa, fata ta tattare a kewayensa. Shekara arba'in ina shiga ɗakin nan ban taɓa ganin sa ba.

"Ga lambar Sawakin," in ji ta. "Ba tsofaffin abubuwa kake ɗauka ba? Ɗauki mana, me kake jira?"

Kyamarar na cikin jaka, a saite yadda na bar ta a bakin teku, ISO na kan 100, ga ɗaki ba haske sai na taga. Hannuna na rawa, ita kuma tana dariya dantsen na motsi. Na ɗauki shida. Biyar sun yi dishi-dishi, ɗaya ya ɗan fito, shi ma gefen mayafin ya fi tabon fitowa. Ta karɓa ta duba, ta ce na sa hannunta ya yi kama da na tsohuwa, in goge. Ban goge ba.